Yatsan da Ba Nata Ba

Na san abin da kuka ji game da shekarar da aka ɗauke ni daga teburin gaba aka mayar da ni ɗakin ajiyar fayil. Kun ji shi a bakin 'yan ajinku, kun ji shi a gidan biki, kuma kunya ta hana ko ɗayanku ya tambaye ni. Wasu sun ce na karɓi na goro aka kama ni. Wasu sun ce na ci amanar dattijon da ya koya mini aiki. Na farkon ƙarya ce tsagwaronta, shaidata kuwa tsohon kekena da ke jingine a zaure har yau, wanda ko ɓarawo bai taɓa yi wa kallo biyu ba. Na biyun ne ba zan iya ƙaryatawa da kalma ɗaya ba, saboda haka ku ba ni 'yan shafuka.

Kun san na fara da koyarwa. Da na ajiye alli na shiga aikin kotu, mahaifiyarku ta ce na gudu daga yaran da ba sa jin magana na faɗa hannun iyayensu. Bayan 'yan shekaru a ofishin rajistara, sai aka ɗora ni a kan sashen belif-belif. Belif shi ne wanda ke kai sammaci hannun mutumin da aka yi ƙara, shi ne kuma ke zuwa ya aiwatar da hukunci idan an gama shari'a. Alƙali yana faɗin tasa a zaune a ƙarƙashin fanka, belif ne ke ɗaukar maganar a bayan keke ya kai ta ƙofar gidan mutane, shi ake harara, shi ake watsa wa ruwan wanke-wanke ta kan katanga a ce ba a san da mutum ba. Mutum shida ke ƙarƙashina. Da safe in raba musu takardu bisa unguwannin da kowa ya sani, da yamma su dawo in duba abin da suka yi. Ranar fitar da mutum daga gida ko kama kaya, ni ke gaba, don kada a fasa abin da ba a ce a fasa ba, kada kuma a taɓa mutuncin da babu shi a cikin takarda. Amma mafi nauyin aikin shi ne mafi sauƙin yi: kowane belif da ya kai sammaci yana cike takardar rantsuwa cewa ya miƙa hannu da hannu, ni kuma in sa hannu a ƙarƙashin nasa. Da wannan sa hannun alƙali ke yarda cewa an kira mutum. Idan bai zo ba, a yi shari'a a bayan idonsa. Nakan sa hannu a guda ashirin kafin shayina ya huce.

Babba a cikin mutanena shi ne Baba Barau, mutumin Kusfa, dogo, mai furfura, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. A takarda ni ne shugabansa. A zahiri shi ya koya mini cewa ba a kai wa mutum sammaci yana cin abinci, ba a miƙa masa a gaban surukinsa, kuma ana fara yi masa barka da gida kafin a ɓata masa rana. Bai taɓa kirana yallaɓai ba sai in akwai baƙo. Ticha yake ce mini.

"Ticha, doka Turawa suka rubuta ta, kuma gidajensu babu zaure," in ji shi, a makon da na fara.

Abin da yake nufi kenan: doka ta ce hannu da hannu, birnin Zariya kuma ya ce namiji baligi ba ya wuce zaure. Idan wadda aka yi ƙara matar kulle ce, dokar ta ba da mafita, a koma wa alƙali ya ba da izinin a liƙa takardar a ƙofa. Sai dai wannan hanya ce mai tsawo, kuma liƙa wa gidan mutunci takardar kotu a ƙofa abin magana ne har jikoki. Don haka tun kafin zuwana sashen ya ƙirƙiro tasa dabarar. Belif ya tsaya a zaure ya yi sallama, ya ba wata mata daga cikin gida takardar da 'yar gwangwanin tawada, ta shiga da su, ta fito da dangwalen yatsa a bayan kwafin. Shi kenan, an miƙa. Na tarar ana yi, na ga ana yi, na san ba daidai ba ne, na kuma sa hannu. Ku riƙe wannan jimlar, ita ce dukan labarin.

A daminar shekarar da aka haifi 'yar'uwarku Bilkisu, umarnin fitarwa ya sauka a teburina. Wani Alhaji Tanimu ya yi ƙarar matar marigayi yayansa, Malama Asabe, yana cewa gidan da take ciki da 'ya'yanta huɗu a wajen Ƙofar Doka nasa ne, aro ya ba wa yayan nasa. An kira ta ba ta zo ba, aka yanke hukunci ba ta nan. Na buɗe fayil kamar yadda na saba. Ga rantsuwar Baba Barau, ga dangwale shuɗi a bayan sammaci, ga kuma sa hannuna a ƙasa, da wannan doguwar jelar da nake ja wa harafin ƙarshe, wadda a lokacin nake ganin ta yi kama da ta manyan mutane.

Muka tafi da hantsi, bayan an ɗauke ruwa, lunguna duk caɓi. Ni da Baba Barau, da 'yan sanda biyu, da kafintan da zai canza makulli, da Alhaji Tanimu yana biye da sabon kwaɗo a hannu. Ɗabi'ata ce in tsaya a zaure in karanta umarnin da Hausa da ƙarfi, yadda na cikin gida za su ji, in ba mata lokaci su kintsa. Ina cikin karantawa sai murya ta fito daga bayan asabarin da ke ƙofar shiga gida. Ba kuka ba ne, ba kuma faɗa ba. Tambaya ce irin ta ɗalibin da aka tsallake masa shafi.

"Malam, gafara dai. Wace shari'a ake nufi?"

"Wadda aka kira ki ba ki je ba, Malama."

"Wa ya kira ni?"

Na zaro sammacin na miƙa ta gefen asabari. Hannu ya fito ya karɓa. Na ji ana juya takardar.

"Wannan yatsan waye?"

"Naki ne, in ji takarda."

"To takarda ba ta san ni ba. Ni ba na dangwale, Malam. Shekara uku ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da goyo a bayana, don kada in sake shafa wa yatsana tawada. Ba ni biro."

Na ba ta biro da ambulan. Ya dawo da sunanta a rubuce, haruffan a tsaye ɗai-ɗai, kowanne ya ba ɗan'uwansa fili kamar baƙi a layin asibiti, an danna biron har ya kusa huda takarda. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san irin wannan rubutu. Na babba ne da ya koya da wahala, kuma ba zai yarda a raba shi da shi ba. Duk da haka na ce a miƙa mata gwangwanin tawadar, na roƙe ta ta daure ta ɓata yatsan sau ɗaya. Da ambulan ya fito, sai ga farin layi ya raba dangwalen biyu, tabon wuƙa ne, ta ce, tun tana amarya. Na fayil kuwa sumul yake, ba tabo ko ɗaya. Na duba kwanan watan da aka kai sammacin, na tambaye ta ina take a lokacin. Ta ce a ɗakinta, tana takaba.

Alhaji Tanimu ya matso.

"Yallaɓai, ba sauraron shari'a ka zo yi ba. An gama shari'a. Aikinka ka fitar."

Abin haushin shi ne, ta fuskar doka ya fi ni gaskiya. Ba ni da ikon soke hukunci ko da na harafi ɗaya. Iyakar abin da ke hannuna shi ne in koma da umarnin ba a aiwatar ba, in kuma rubuta dalili. Na waiwaya wajen Baba Barau. Mutumin da ya saba kallon 'yan dambe ido cikin ido ya miƙa musu sammaci, ranar nan takalmansa yake kallo.

"A tattara," na ce. "Yau ko tabarma ba za ta fita daga gidan nan ba."

Kafinta ne ya fi kowa jin haushi, don har ya fito da kayan aikinsa.

Yanzu ga inda maganar take. Idan na yi shiru, na ce mata ta nemi lauya, to maganarta ce za ta kara da rantsuwar ma'aikacin kotu da sa hannun shugabansa, kuma na zauna a kotu na ga yadda irin wannan karon ke ƙarewa. Idan kuwa na rubuta gaskiya, rantsuwar ƙarya laifin kora ne, kuma saura wata goma sha ɗaya Baba Barau ya yi ritaya, bayan shekarun da ba a taɓa rubuta masa ko takardar gargaɗi ba. Gidan marayu huɗu a hannu ɗaya, tsufan mutumin da ya riƙe ni kamar ɗa a ɗaya hannun.

Na koma gida da azahar na kasa cin abinci. Mahaifiyarku na zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai, Bilkisu na barci a cinyarta. Ban saba kawo aikin ofis gida ba, amma ranar na zazzage mata duka. Ba ta ɗago ba sai da na gama.

"Malam, wa ya ba su tawadar?"

"Ofis."

"Wane ne ofis?"

Ta cire wata tsakuwa ta jefar.

"In ka mutu, Allah ya nisanta, ni ma a bayan asabari zan zauna wata huɗu da kwana goma. Duk abin da za a yi da sunana a zaure za a yi shi, ban gani ba. Sai dai in yi fatan wanda ke zauren mai tsoron Allah ne." Ta ɗan yi murmushi. "Kuma ka ci tuwon nan. Ba a taɓa jin yunwa ta rubuta takarda mai kyau ba."

Na karanta littattafai da dama a kan adalci, wasu ma da Larabci, amma ban ga wanda ya kai ga gaɓar da sauri kamar haka ba. Na zauna na rubuta rahoto sakin layi huɗu. Na farko abin da na gani, na biyu abin da belif ya yi, na uku cewa dabarar aika tawada cikin gida da sanina ake yin ta kuma ni na sa hannu, na huɗu roƙon a sake kiran Malama Asabe yadda ya kamata. Amma ban iya miƙa shi ba sai mai shi ya gani. Bayan la'asar na hau keke zuwa Kusfa.

Na same shi a ƙofar gidansa yana facin tayar keke, ya tsoma robar a cikin kwanon ruwa yana neman inda ke kumfa. Ya shimfiɗa mini buzu, muka gaisa har da tambayar kaji, kamar ba mu rabu da safe ba. Sannan na miƙa masa takardar. Ya goge hannu a wando, ya nisanta ta daga idonsa, ya karanta a hankali yana motsa leɓe.

"Turancinka da daɗi, Ticha. Ko hukuncin kisa ka rubuta wa mutum sai ya yi godiya." Ya ɗora yatsa a sakin layi na biyu. "Amma nan ka ce wai cikin rashin sani. Goge shi."

"Baba, wannan ne zai tsare ka."

"Zai tsare ni a nan. Can fa?" Ya ajiye takardar a gwiwarsa. "Ranar da na je, shi Alhajin ne ya nuna mini gidan, kamar yadda masu ƙara ke yi. Na yi sallama. Sai na ji ana karatu a ciki, a hankali, irin na mai takaba. A lokacin Lami 'yata tana ɗakin uwarta, ga shi can, kwana ashirin da rasuwar mijinta. Kullum da safe irin muryar nake ji kafin in fito. Na ce a raina, wallahi ba da bakina za a kira matar nan zaure saboda takardar kotu ba. Sai wata mata ta fito ta ce kawo in kai mata. Ko minti biyu ba ta yi ba ta dawo."

"Ka tambayi ko ita wace ce?"

"Ban tambaya ba. Na san in na tambaya za a faɗa mini."

Daga baya aka tabbatar matar Alhaji Tanimu ce, ta zo zaman makoki. Baba Barau ya ɗauki robar ya sake tsoma ta a ruwa, kumfa ta taso, ya danne wurin da babban yatsa.

"Na ɗauka tausayinta na ji. Ashe kaina na tausaya wa." Ya dube ni. "Sakin layi na ukun nan kuma, cire shi. Kana da yara ƙanana. Ni na gama tafiyata."

"Kai ka goge naka, ni in bar nawa."

"Taurin kai irin na malaman makaranta," in ji shi. Ya tashi ya shiga gida, na ɗauka fushi ya yi. Sai ga shi da kwanon fura.

Washegari rajistara ma ya ce in cire sakin layi na uku. Mutumin kirki ne, ya rufe ƙofa, ya buɗe aljihun teburinsa ya nuna mini takardar ƙarin girmana tana jiran sa hannu. Ya ce belif ya rantse, belif ya yi ƙarya, magana ta ƙare, me ya kai ni ciki? Na ce masa idan na cire, kwamitin ladabtarwa zai ga dattijo ɗaya da ya ƙirƙiro ƙarya shi kaɗai, alhali hanya ce da muka share masa mu duka, ni kuma nake tsaye a bakinta ina ɗaga wa masu wucewa hannu. Ba don jarunta na faɗa ba, kada ku ƙara wa labarin gishiri idan kuna ba 'ya'yanku. Kawai dai na riga na ga rubutun matar nan, kuma na kasa mantawa da shi.

Abin da ya biyo baya kun san rabinsa. Alƙali ya jingine hukuncin, ya ce a sake shari'a. Aka hana aika tawada cikin gida, aka fara haɗa belif da ma'aikaciya mace idan za a je gidan kulle. Kwamiti ya ga laifin rabawa ne, don haka ba a kori Baba Barau ba, ritayar dole aka yi masa. Fanshonsa ya tsira, sunansa ne ya ji rauni. Ba a yi masa walimar ban-kwana ba, ba a ba shi takardar yabon da ya riga ya saya wa firam ba. 'Ya'yansa maza sun yi shekaru ba sa amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsu ba. Daga nan maganar cin amana ta samo asali. Ni kuwa takardar ƙarin girma ta koma aljihun tebur, aka tura ni ɗakin fayil shekara shida, inda na gano cewa gara ta fi lauyoyi da yawa karanta shari'a daga farko har ƙarshe. A shekarun nan ne kuka riƙa gadon rigunan makarantar juna, mahaifiyarku tana sakin kalmasa tana sake ɗinkewa. Ban taɓa jin ta ce da na sani ba. Wannan bashin godiya ne da ban biya ta ba har ta rasu, shi ya sa nake rubuta shi a nan.

Saura rabin da ba ku sani ba. Kafin takardun hukuncinmu su fito, ina da sauran mako guda a kan kujerata, kuma sabon sammacin Malama Asabe ya zo teburina. Da safe ina rabon aiki, na riƙe shi har ƙarshe. Baba Barau na zaune a benci, ya san ba shi da rabo. Na kira sunansa.

"Ƙofar Doka unguwarka ce, Baba."

Ya daɗe yana kallon takardar kafin ya karɓa. Muka tafi tare, keke biyu. A zaure shi ya yi sallama. Ya faɗi sunansa da aikinsa, ya kuma ce shi ne wanda ya zo a wancan karon. Ban sa shi ba. Na ji takun ƙafa a bayan asabari. Sannan aka ɗaga gefensa, ta fito da lulluɓinta ta tsaya a bakin ƙofa. Ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗarsa ba. Ya miƙa mata sammacin da hannu biyu, ya buɗe littafin sa hannu ya riƙe mata, don babu tebur a zauren.

Ta fara rubutu, ta tsaya.

"Baba, riƙe littafin da kyau. Hannunka na rawa, za ka ɓata mini harafi."

"To, 'yata," ya ce.

Ya jingina littafin a ƙirjinsa ya danne da hannu biyu, ta rubuta sunanta harafi bayan harafi, ba ta yi sauri don kowa ba. Da ta gama ta ce ta ji labarin 'yarsa, Allah ya jiƙan mijinta, ya ba ta haƙuri. A hanyar dawowa bai hau kekensa ba, tura shi ya yi har ofis, ni ma na sauka na tura nawa.

An sake shari'ar da ita a zaune a kotu, maƙwabta suka ba da shaida, gidan ya tabbata na marayu. Baba Barau ya rayu shekara tara bayan haka. Shi ne dattijon Kusfa da nake jan ku gaishe shi kowace Sallah, kuna ƙunƙuni saboda nisa, yana ba ku dabino daga aljihu yana tambayar wa ya fi iya rubutu a cikinku. Ba mu sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya.

Idan kun buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, a ƙasan takardun gida za ku ga wani tsohon ambulan mai ruwan ƙasa. Babu komai a cikinsa, kada ku wahalar da kanku. Ku juya bayansa. Akwai suna da manyan haruffa, da dangwale mai farin layi a tsakiya. Kada ku jefar. Tun daga ranar da aka miƙo mini shi ta gefen asabari, ban sake sa hannu a takardar da ban karanta ba, kuma na daina ja wa sunana jela.